Takardun da ke cikin jinkar Inna

Na san abin da ake gaya muku game da garkarmu ta fadama. An ce ubanku ya sayar da gadon ubansa yana jiran kuɗin gwamnati, wasu kuma su ce 'yan boko ne suka yi masa wayo. Ban taɓa tanka wa kowa ba, don kun san ba ni da saurin baki. Amma yanzu da Allah ya sa hannuna ya iya riƙe alƙalami, ko da yake kafin in gama layi ɗaya wani ya sha fura ya wanke ƙwarya, gara in rubuta muku yadda abin ya faru. Ba wanda ya cuce ni. Ni na yi alkawari, ni na yi kuskure, kuma mata biyu ne suka tsamo ni, kakarku Inna da uwarku Rabi.

Sana'ata a lokacin wake ce. Da kaka ta yi sai in bi ƙauyuka, Bazaga da Tsarnawa, wani lokaci har Illela tamu ta arewa, in saya tiya-tiya, in cika buhuna, amalanken jaki ya kawo mini Ƙonni. Daga nan mu ƙetara da shi Nijeriya. Yawancinmu ta daji muke bi, kan jakai da raƙuma, don hanyar duwan, wato kwastan, tana cin kuɗi, tana cin yini. Sai wata shekara, bayan yunwar nan da ta watsa mutane, aka yi shela a rediyo cewa gwamnati tana son kayan ƙasa su riƙa fita ta ƙofa. Duk wanda ya fitar da wake ta duwan, da takarda da hatimi, za a ba shi tallafi a kan kowane buhu idan shekara ta kewayo. Mu muka sa masa suna kuɗin kan buhu. Abokan sana'ata suka yi dariya suka ci gaba da bin daji. Ni kuwa abin ya kwanta mini, don na gaji da ɓoye-ɓoye, na gaji da ganin hular jandarma gabana ya faɗi.

Damuwar ita ce, in na bi ta duwan ba zan iya sayen wake da tsadar da masu bin daji suke saye ba. Sai na tafi Bazaga wurin Baba Gado. Tsoho ne abokin marigayi babana, manoman unguwarsu ba sa ɗaga buhu sai ya gyaɗa kai. Muka zauna gindin gawo, mutum kusan ashirin. Na ce su rage mini kuɗin tiya bana, idan kuɗin kan buhu ya fito rabi nasu rabi nawa. Baba Gado ya daɗe yana tauna goro kafin ya yi magana.

"Audu, kuɗɗin nan ka gane su da idonka?"

"A rediyo na ji, Baba."

"To, rediyo bai taɓa auna mani wake ba." Mutane suka yi dariya. Ya ɗaga hannu suka yi shiru. "Mu ba mu san gwamnati ba, ba mu san inda take kwana ba. Kai munka sani, mun san ubanka. In kai ne ka ce, mun yarda."

Aka shafa fatiha. Ba takarda, ba shaida sai waɗanda ke zaune. Tun daga ranar na ɗauki abin da ya fi buhu nauyi, amma ban ji nauyinsa ba sai daga baya.

Duk lodin da na kai duwan, takarda uku ake cikawa a haɗe, fara da ja da mai ruwan ɗorawa. Fara ta zauna wurin ma'aikatan duwan, ja ta tafi da mai sayen kaya, ɗorawa a miƙo mini. Mu kuwa 'yan kasuwar iyaka, a saninmu takarda abar hanya ce. Ana nuna ta a shinge, in kaya sun ƙetare an biya ka, ta mutu ke nan, kamar tikitin mota. Ba wanda ya ce mini in ajiye, ni ma ban tambaya ba, don wanda bai iya karatu ba kunyar tambaya yake ji a gaban tebur. Ina dawowa gida sai in zazzage aljihu a tsakar gida, ɓawon goro da igiya da takarda duk su zube.

A nan rigimar gidanmu ta samo asali, rigima mai daɗi wadda har yau in na tuna nakan yi murmushi ni kaɗai. Uwarku tana tuya ƙosai da tsakin waken da nake tankaɗewa, kullum cikin neman abin ƙunshi take. Takardun nan kuwa masu laushi ne, sun dace da ƙosai biyar. Inna kuma tun tasowarta ba ta iya ganin rubutu a ƙasa. Ko guntun kwali ne, in dai da rubutu, sai ta duƙa ta ɗauka ta kakkaɓe ta soke a wuri mai tsayi, don kada a taka sunan Allah. Sai ya zama da na zazzage aljihu, su biyun sun nufo wurin. Rabi tana da ƙuruciya, Inna tana da sanda.

"Inna, wanga hwa rubutun nasara ne," in ji Rabi, ta rage murya don kunya. "Ba ayar Alƙur'ani ciki."

"Ke kin karanta?"

"A'a, amma ai an san—"

"Sunan wa anka rubuta ciki? Ba na mutumen ga ba?"

"Nashi ne."

"To, wa as sunanshi? Faɗi mu ji."

Rabi ta rufe fuska da gyale tana dariya, don ita ma ba ta kiran sunana. Inna ta ce, "Kin gani? Sunan Allah na cikin sunanshi, ke kuma ki naɗe mai da shi, yara su lashe su yar a kwata. Miƙo nan, uwar son banza."

Ku da kuka tashi yanzu ba lalle ku gane ba. Ni ne ɗan farin Inna, kuma a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Sunana Abdullahi, duniya na ce mini Audu, amma a bakin uwata ni "mutumen ga" ne ko "wancan". In tana son in yi abu, Rabi take gaya wa ko da ina tsaye gabanta. Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na gani. Sai dai akwai ranakun da, ina yaro, nakan ji tana kiran ƙannena da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, in tsaya bayan ɗaki ina saurare ko za ta yi kuskure. Ba ta taɓa yi ba.

Shekara ta kewayo, aka ce masu kuɗin kan buhu su je su kai takardu. Na sa rigata ta Juma'a na tafi buro, wato ofishin duwan. Akawun da na tarar sunansa Mushe Isufu, mutum siriri mai tabarau ɗaure da zare, mai son raha. Ya buɗe kundi ya ga sunana lodi ashirin da uku, ya ce madalla, ya miƙo hannu.

"Kawo ɗorawa."

Na lalube aljihu, na sami biyu da suka maƙale a kusurwa. Ya dube su, ya dube ni ta saman tabarau.

"Sauran ashirin da ɗaya fa?"

"Ai kayan sun ƙetare, Mushe. Tun bara."

Ya cire tabarau ya goge ido. Bai yi mini tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce kundinsa ba ya isa shaida, a Yamai ɗorawa kawai suke karɓa, ita ce ke nuna ni ne mai kayan. Ya ce ba ni kaɗai ba ne, tun safe mutum shida sun zo da hannu wofi. Ya ce yau Laraba, ranar kasuwa. Laraba mai zuwa za a ɗaure takardu a aika, wanda bai kawo ba ya rasa.

Na dawo gida da rana tsaka na zauna a zaure. Ba rabona nake tunani ba. Fuskokin mutum ashirin ɗin nan na gindin gawo nake gani, waɗanda suka bar mini wakensu da araha a shekarar da kowa ke farfaɗowa daga yunwa. Me zan je in gaya wa Baba Gado? In ce na zubar da haƙƙinsu a tsakar gida tare da ɓawon goro? Rabi ta kawo tuwo ta mayar, ta kawo fura ta mayar. Da na gaya mata sai ta dafe kai ta fashe da kuka, ta ce ita ta sani sau biyu ta riga Inna, ta ƙunshe ƙosai da su. Kukanta ne ya fito da Inna bakin ƙofa.

"Ke Rabi, wa ya mutu?"

Rabi ta faɗa mata cikin shessheƙa. Inna ta tsaya jingine da sanda, ba ta dubi inda nake ba. Can ta ce:

"Ce ma mutumen ga ya tashi ya nemo tsani. Ya kira masu baibaya su kwance mani jinka."

"Jinka, Inna? Da ranar ga?"

"Ke dai faɗa mai. In ya ƙi, shi ya sani."

Mun kwance jinkar ɗakin Inna da la'asar, maƙwabta suna leƙe ta kan danga suna tambaya ko maciji ne. Abin da ya fito daga cikin shibcin nan ba zan manta ba. Takardu ne na shekara da shekaru, kowace a nannaɗe kamar taba, an soke ta tsakanin ciyawa da tsaiko. Akwai kwalin sukari, akwai guntun jarida, akwai takardar allurar shanu, akwai katin harajin babana da ya rasu tun kuna goye. Hayaƙin wutar da take hurawa da sanyi ya mayar da su baƙaƙe, amma shi ne ya hana gara ta ci. Can daidai saman gadonta, a wuri ɗaya, ba a gauraye da sauran ba, ɗorawa ne jere. Muna warwarewa a hankali, Rabi tana dannewa da dutsen guga, ina ƙirgawa da ƙarfi. Goma sha tara. Da biyun aljihuna, ashirin da ɗaya. Biyun da suka rage kuwa yaran unguwa sun daɗe da lashe su.

Rabi ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, daga yau ko ganyen kalgo na gani da zane, naki ne."

"Tashi ki ba ni wuri," in ji Inna. "Ki ce ma wancan ɗakina ba ya kwana buɗe."

Mushe Isufu ya karɓi ashirin, ya ƙi ɗaya don hayaƙi ya cinye hatiminta. Ya shinshina tarin ya ce wannan ne karo na farko da aka kawo masa takardu masu ƙanshin daddawa. Wadda ya ƙi ɗin ban jefar ba. Na kawo ta gida na ajiye bakin ƙofar Inna da hannu biyu, na juya. Da na waiga takardar ba ta nan.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe farawa ta yi. Wata uku, shiru. Wata shida, shiru. Duk farkon wata in je buro, Mushe Isufu ya hango ni ya ce, "Ga Sarkin Haƙuri nan, a ba shi kujera." Ya nuna mini takardar da ta zo daga sama, an yarda ana bin gwamnati kuɗin, amma baitulmali ba kowa, su kansu albashinsu yana yin wata biyu bai zo ba. Ban ga laifinsa ba. Shekara ta cika, ta biyu ta kama. Damina ta yi gardama a Bazaga, gero bai yi ba. Ana nan, sai ga Baba Gado a kan jaki, da bazara, lokacin da mutum ke neman iri. Ya sauka, muka gaisa, ya gaida Inna ta bayan danga, aka kawo fura ya sha. Ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Ya yi maganar tsadar igiya, ya yi maganar ciwon gwiwarsa. Ina jira ya tambaya, bai tambaya ba. Da ya hau jaki na riƙe masa linzami na ce, "Baba, maganar nan..." Sai ya ce:

"Wace magana? Ni gaisuwa ta kawo ni. Allah shi ba mu damana."

Na bi shi da kallo, na ga rigarsa da faci a kafaɗa, shi da ban taɓa gani da faci ba. Da ya zage ni a tsakiyar kasuwa da na fi samun barci.

Washegari da hantsi na sami uwarku tana wanke wake. Na ce mata ina tunanin sayar da garka. Garkar nan ita ce ke ba mu albasa da tumatir da rani, daga cikinta ake yi muku kayan salla, kuma Rabi ta fi ni wahala a kanta, ita ke tsinka, ita ke shanya. Ta ci gaba da murza wake ba ta ɗago ba. Na ɗauka fushi ta yi. Sai ta ce:

"Maigida, tun jiya nike jira ka faɗi. Ƙosai na ciyar da gida. Amma in mutanen Bazaga sunka bar gaishe ka, mi za mu ci da shi?"

Saura Inna, don gadon mijinta ne. Na tsaya nesa, Rabi ta isar. Inna tana kaɗi, mazari bai tsaya ba.

"Ce mashi ubanshi ya bar mai abu biyu, garka da suna. Ya duba wanda in ya tahi ba a sayo shi a kasuwa."

Na sayar wa wani mai motocin haya. Na ɗauki kuɗin a jakar fata na tafi gindin gawo, na ba kowa rabonsa na lodi ashirin da uku cif, har da biyun da aka ci ƙosai da su da ɗayar da hayaƙi ya ɓata, don wannan kuskurena ne ba nasu ba. Baba Gado ya gane ba kuɗin gwamnati ba ne, labari ya riga ni zuwa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ba zan ɓoye muku ba, shekarun da suka biyo sun yi tsanani. Kun ci tuwo da miyar kuka ba nama, salla biyu ba ɗinki. Ranar da na fara sayen albasa a kasuwa, ni da nake ba mutane kyauta, sai da na zaga bayan rumfa na share ido.

A cikin shekarun jiran nan na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan la'asar, a rumfar lakwal, makarantar bokon yara. Gemuna da furfura ina zaune kan benci ina zana baƙi kamar mai shuka. Na yi alkawarin ba za a sake miƙo mini takarda in riƙe ta kamar ganye ba. Ranar da na iya rubuta sunana, na dawo na ce wa Rabi ta roƙi Inna ta ara mini ɗorawar nan. Inna ta fito da ita. Faransanci ne, ban gane kome ba, amma can sama na ga baƙaƙen da na sani. Murna ta sa na manta da al'ada, na durƙusa gabanta na sa yatsa.

"Inna, duba, ga shi nan. Wanga layi, shi ne sunana."

Ta kawar da kai gefe. "Ke Rabi, zo ki ɗauke mani mutumen ga, ya tsare mani iska." Amma ta karɓe takardar.

Inna ta rasu da damina, shekara guda kafin kuɗin su fito. Mutanen Bazaga suka zo jana'iza amalanke huɗu cikin taɓo, Baba Gado a gaba, an ɗauko shi don ƙafa ta ƙi. Kuɗin kuwa sai bayan an karya darajar sefa, kuɗin ƙasarmu, suka zo, yadda aka rubuta su tun farko, ba ƙarin ko dala. Mushe Isufu ya ƙirga mini yana girgiza kai, ya ce, "Sarkin Haƙuri, ka shuka raƙumi ka girbe akuya." Ko rabin garkar ba za su saya ba, ban ma je tambaya ba. Na saya wa uwarku injin niƙa, wanda kuka taso kuna jin ƙararsa. Har yau kuma, in kaka ta yi, 'ya'yan mutanen nan na gindin gawo suna loda mini wake ba takarda ba jingina, wasu ma ban san fuskarsu ba, su dai sun san ɗan wa suke kawo wa. Wannan shi ne abin da na saya da garka. Kada wani cikinku ya je wa mai ita da wata magana, ciniki ne na halal.

Abu ɗaya ya rage. Ranar da Inna ta rasu, da mata suka buɗe kwallarta don ɗauko likkafanin da ta tanada, Rabi ta sami ɗorawar nan a cikin ninkinsa. Ashe Inna ba ta mayar da ita jinka ba. Rabi ta ɓoye sai bayan kwana bakwai ta kawo mini. Takardar duk baƙin hayaƙi ce, sai wuri ɗaya can sama, daidai inda na sa mata yatsa. Wurin ya yi fari, ya yi laushi, har ya kusa hujewa, rubutun ya kusa gogewa saboda shafa.

Tana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rigata ta Juma'a. In kun buɗe bayan raina, kada ku ce tarkacen tsoho ne. Shekara hamsin uwata ba ta kira sunana ba, sai a nan.